Durƙuson Suruki

Raliya na zaune a bakin gado a ɗakin Innarta a Gude, jikinta na ta tururi, fitowarta ke nan daga wankan jego. Inna Uwaliya ta dire mata kwanon kunun kanwa, ta tsaya a kanta.

"Shanye shi tas. Haihuwar fari ba a yi mata ƙyuya."

"Inna, wallahi cikina ya cika."

"Cikin da ya ɗauki mutum sukutum? Sha ki ba ni kwanona."

Ba ta kai ga kurɓa ba ƙanwarta Bushira ta faɗo ɗakin da waya a hannu. "Adda, kin ga abin da ake yawo da shi a guruf kuwa?"

Hoto ne. Mijinta ne Zainulabidin, sabon ɗan majalisar jiha daga Gwarzo, durƙushe a zauren gidansu ranar suna, takalmansa can a waje, kansa a sunkuye gaban mahaifinta. A ƙasan hoton an rubuta: "Honarabul ya kai mubaya'a. An sayar da mu a Gude."

Raliya ta karanta a hankali, harafi bayan harafi, ta ɗago. "Wace mubaya'a kuma? Ba gaisuwa ba ce?"

Gaisuwar ce kuwa, irin wadda kowane ɗan mutunci ke yi wa surukinsa. Sai dai mahaifin nata, Malam Abdulmumini, da suke kira Baffa, shi ne ciyaman ɗin jam'iyyar Fitila a mazaɓar Gude tun tana goye, mijinta kuma ɗan jam'iyyar Garma ne. Lokacin da ya nemi aurenta malamin sakandare ne kawai mai tsohon babur, kuma Baffa da bakinsa ya ce, "Ni 'yata nake aurarwa, ba ƙuri'ata ba." Daga baya ne matasa suka ɗauko shi suka ce shi suke so, ya tsaya ya ci.

Abin da ya ƙara wa wutar fetur, a makon nan ne ya miƙe a majalisa ya mara wa ƙudurin wakilin Kabo baya, wanda ɗan Fitila ne, a kan gadar wani rafi da ke raba ƙauyukansu duk damina. Aka haɗa hoton da ƙudurin, aka ce ai magana ta fito.

Ba a jima ba sai ga surukarta Hajiya Marka da hantsi, tare da wan mijin, Muntari, wai sun zo duba jariri. Hajiya ta karɓi yaron ta juya shi sama-sama ta mayar.

"Tubarkalla. Hancin dai nasu ne, Allah ya sa kada ra'ayin ma ya zama nasu."

Inna Uwaliya ta haɗiye maganar ta fita ɗebo fura. Muntari ya tsaya daga bakin ƙofa, yana kaɗa makullin mota.

"Amarya, gara ki ji daga bakina. Ni na bi lungu-lungu ina manna fastar yaron nan har tafin hannuna ya saɓule. Manya sun ce yaro ne mai gaba, Abuja suke hango masa. Yanzu ko'ina na shiga sai a ce min wan ɗan anti-fati, mai yi wa jam'iyya zagon ƙasa."

"Yaya, gaishe da Baffa fa kawai ya yi."

"A siyasa babu kawai. Ga abin da manya suka yanke: ya janye sunansa daga ƙudurin gadar nan, kuma ƙafarsa kada ta sake taka Gude sai bayan zaɓe."

Raliya ta gyara wa yaron kwanciya. Ta dubi surukarta, muryarta can ƙasa. "To arba'in ɗin fa, Hajiya? Wa zai zo ya mayar da ni?"

"Arba'in ɗinki ta jira zaɓe. Ni ban haifi ɗa don a shanye min shi a nono ba."

Suka tafi ba su taɓa furar ba.

Da la'asar Zainulabidin ya kira ta a waya. Tana jin hayaniyar mutane a bayansa, kowa na Honarabul, Honarabul.

"Raliya, ki ba ni lokaci. Ƙura ce, za ta lafa."

"To."

"Kin yi shiru."

"Ni ban san majalisa ba," ta ce. "Amma da ka tsaya ƙerere a kan Baffa ranar nan, su Yaya Muntari ne za su fara cewa ba ka da tarbiyya."

Ya yi ajiyar zuciya. "Gadar nan dai ba zan janye ba. Ɗalibata ce ta rasu a bakin rafin nan tana naƙuda, ruwa bai tambaye ta jam'iyya ba."

"Ni fa?"

Kafin ya amsa wani ya kira shi, wayar ta katse.

Arba'in ta zo. Inna ta yi mata kitso da lalle, aka soya nama, aka ɗaure garar komawa a buhuna aka jera a tsakar gida. Rana ta faɗi ba motar da ta tsaya a ƙofa. Washegari ma haka. Buhunan suka yi ta zama har Inna ta ja su ɗaki da kanta, don maƙwabta sun fara shigowa aron abin da ba sa bukata. A bakin rijiya ana cewa, "Matar Honarabul an yi kwantai." Raliya ta daina fita. Takan goya yaron ta fuskanci bango ta yi kukanta ba sauti, sannan ta wanke fuska kafin Inna ta shigo.

Wanta Jalo ne ya zo mata da shawara. "Mutanenmu 'yan Fitila na gidan rediyo suna son muryarki. Ki faɗi gaskiya kawai: ya watsar da ke da jinjiri. Wanda ya kasa riƙe gida, ya riƙe mazaɓa? Shi ke nan, mun gama da shi."

"Hamma, uban ɗana ne."

"Uban ɗan da ya san hanyar Kano bai san ta Gude ba?"

"Ko ma dai mene ne. Ranar da yaron nan zai girma, muryata zai ji ana kunna masa."

Baffa ma ya kira ta zaure, fuskarsa a murtuke. "In ya fi son kujera, ya aiko miki da takardarki. Ban rasa tuwon ba ki ba."

Hawaye suka zubo mata. "Baffa, ka yi haƙuri. Bai ce ya sake ni ba, ni ma ba zan roƙa ba."

"Haƙurin naki ya fi nawa," ya ce, ya kau da kai.

Abin da Baffa bai sani ba, hoton nan bai tsaya a wayoyin 'yan Garma ba. Nasa mutanen ma sun yi ta juya shi. Suka ce ɗan majalisa guda ba ya zubewa a gaban mutum a banza, lallai akwai abin da aka ƙulla. Suka tuna akwatin Gude bai cika yadda ya saba ba a zaɓen da ya wuce. Ranar wani taro a Kabo aka karanta sunan sabon ciyaman a madadin Baffa, yana zaune a kujerar gaba. Yana dawowa ya wuce garke ya zauna cikin shanunsa har rana ta yi sanyi.

Damina ta kankama, yaro har ya fara zama, sai ga Zainulabidin wata ranar Laraba da azahar. Ba jiniya, ba 'yan rakiya. Motarsa ta maƙale a bakin rafi, ya ƙaraso da ƙafa, wandonsa taɓo har gwiwa. Raliya ta laɓe a bayan ƙyauren zaure.

Baffa ya amsa gaisuwar a daƙile. "An ce sun kore ka."

"Dakatar da ni suka yi, Baffa. Na ƙi janye sunana. Tikitin takara kuma sun ce in manta da shi."

"Ni cire ni suka yi. Tun gemuna na baƙi nake musu bauta." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ashe yanzu ni da kai jam'iyyarmu ɗaya, ta korarru."

"Na zo ne a ba ni iyalina."

"Sai da suka rufe maka ƙofa ka tuna da tawa? Gada ka tsaya mata, na yaba. 'Yata fa? Ita ba ta kai siminti ba?"

"Na ji tsoro, Baffa. Na ɗauka in na ba su rabi, na daina zuwa Gude, za su bar min rabi."

Baffa ya juya wajen ƙyaure ya ɗaga murya. "Ke da ke bayan ƙofa, kin ji. Me kika ce?"

Kunya ta rufe ta. Da ƙyar ta ce, "Kayana a ɗaure suke tun arba'in, Baffa. Ban kwance ba."

"To tashi ka ɗauki matarka. Amma ka sani, ko gobe ka tsaya ba zan zaɓe ka ba."

"Na sani, Baffa."

Haka Raliya ta koma ɗakinta a Gwarzo. Ƙofar gidan da a da ba a samun wurin ajiye takalmi ta zama fayau. Muntari ya koma bin wani sabon yaro mai gaba. Hajiya Marka ta daɗe tana amsa gaisuwarta da ka, sai da jikan ya fara rarrafe zuwa cinyarta ta sauko. Ƙudurin ya wuce a majalisa, an tafa, amma har yau mutanen ƙauyukan nan naɗe wando suke yi in ruwa ya sauka.

Ita dai haƙurinta ya mayar mata da mijinta, kuma ba ta taɓa yi masa gori ba. 'Yan uwana mata, ku riƙe harshenku ranar da kowa ke miƙo muku lasifika, don masu zuga ba sa raka mutum gida. Ku kuma masu siyasa ku ji tsoron Allah. Kun ce a zaɓi matasa a gyara ƙasa, amma kun kai mu inda yaro zai gaishe da surukinsa a kira shi maci amana.