Man da Ya Fito a Rijiyar Buba

Ranar Talata da safe, a shekarar 1957, matan Dangora suka jefa guga a rijiyar gonar Buba, ya fito da baƙin mai. Kafin azahar dagaci ya sa an kafa turaku kewaye da gonar, ya ce man fetur ne irin wanda aka samu a Kudu, kuma duk ƙasar da ta fid da mai ta gwamnati ce. Buba, mai iyali tara da gona ɗaya, aka ce ya yi murna.

Saje Umaru na 'yan doka ya iso daga Kiru a keke. Ya leƙa rijiyar, ya sa aka kira Malam Isa mai haƙar rijiya, wanda ya taɓa ɗaukar wa Turawan auna ƙasa kaya a Riruwai.

"Malam, mai yana fitowa a rijiya?"

"Ranka ya daɗe, na ji Turawa suna cewa ko a ƙarƙashin teku, mai tsagar dutse yake bi ya hau. In tsagar ta toshe, ya tsaya. Ruwan rijiyar nan ma ta tsaga ɗaya yake shigowa, ni na haƙa ta."

"To, a yashe ta."

Aka kwashe ruwan ƙaf. Da la'asar sabon ruwa ya tsattsafo daga tsagar, fari tas. Mai kuwa a jikin bango yake, daga baki zuwa ƙasa.

Saje bai ɓata lokaci a kan Buba ba. Ba wanda ke zuba wa kansa abin da zai raba shi da gona. Ya nufi Kwanar Dangora wajen mai gyaran mota.

"Wa ka ba tsohon man inji?"

"Masu jakai, Saje. Suna shafa wa jakunansu don maganin ƙirci. Mutum huɗu makon nan, uku daga Dangora."

Da ya koma Dangora, biyu ya tarar da jakunansu baƙi ƙirin da mai. Na ukun Habu ne, ɗan wan Buba, shi ne bara alƙali ya hana rabin gonar. Jakinsa na soshe-soshe a jikin danga, busasshe. Saje ya nemi a yi masa sallama da matarsa, Halima.

"Baiwar Allah, gari duk ƙishirwa, ke randunanki cike?"

"Maigida ne ya ce in cika su tun Litinin, har da tukunyar dahuwa. Shekara goma sha biyu bai taɓa yi mini zancen ruwa ba."

Saje ya juya ga Habu. "Mai bai fito ta tsaga ba, zuba shi aka yi. Ka karɓi na jaki, jaki bai gani ba. Kuma kai kaɗai ka san rijiya za ta ɓaci kafin ta ɓaci."

"Da ya ci shi kaɗai, gara gwamnati ta ci," in ji Habu.

Washegari aka tafi da shi gaban alƙali. Buba ya tumɓuke turakun dagaci, ya ga icen mai kyau ne, ya kafa rumfa da su.