Falle Bakwai a Shagon Ataa Sowah

Ranar da Atswei ta fara ganin Elikem, marinsa ta yi. Mari kuwa mai kyau, har matar da ke sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, a gefen shagon ta ɗago kai.

Bari ku ji yadda aka yi. Atswei tana shekara ta biyu a kwalejin koyon aikin jinya, kuma akwai wata malamarsu da ke kulle ƙofa ƙarfe bakwai da rabi cif. Kun dai san layin trotro, ƙananan motocin hayar nan, a garin Teshie da safe, in ka samu ka shiga ma motar ba ta motsi. Sau huɗu ana kulle ta a waje. Sai ta ga wasu ɗalibai suna wuce motoci a kan longbod, dogon katakon nan mai taya huɗu, ta ce ita ma shi za ta saya ko duniya za ta yi dariya.

Aka kwatanta mata shagon Elikem, wani ɗan garin Keta dogo mai yawan shiru. Tana shiga ya ce ta tsaya ta kalli bango. Ta tsaya. Ya zagaya bayanta ya tura ta.

"Kai wane irin mara tarbiyya ne?"

"Dama," ya ce, hannunsa a kunci. "Ƙafar dama kika jefa gaba. Ita za ki riƙa ɗorawa a kan katakon, ki tura da hagu. Haka ake ganewa. Da na faɗa miki zan tura ki, jikinki ƙarya zai yi min."

Kunya ta kama ta, amma Atswei ba ta iya ba da haƙuri da wuri ba. Ta nuna wani gajeren katako ruwan ɗorawa mai lanƙwasasshen baya.

"Wancan nake so."

"Ba zan sayar miki ba."

"Shagon na ado ne?"

"Wancan na masu tsalle-tsalle ne. Tayoyinsa ƙanana ne, ga tauri, tsakuwa ɗaya za ta kifar da ke. Daga ina zuwa ina za ki riƙa yi?"

Ta faɗa masa. Ya tambayi ramukan hanya, ya tambayi gangare, ya ɗaga jakarta ya ji nauyin littattafan. Sannan ya ce dogo take buƙata, wanda ya yi ƙasa-ƙasa don kada gwiwa ta gaji da turi, mai manyan tayoyi masu laushi. Irin wannan babu a shagon, amma yana haɗawa da kansa. Ta ba shi mako guda.

Ai kuwa mako na cika ya miƙa mata. Duk Asabar yana koya mata a filin siminti na bayan coci, yadda za ta lanƙwasa gwiwa, yadda za ta ja tafin takalmi a ƙasa in tana son tsayawa. Ta faɗi ta tashi, ta faɗi ta tashi, ko sau ɗaya ba ta ce ta gaji ba. Ranar da ta fara zuwa makaranta a kai, ta turo masa saƙo:

"Bakwai da minti goma. Ni na riga mai kulle ƙofar zuwa. Kuncinka ya daina zafi?"

Ya mayar: "Madam Latti, kuncin ya warke. Wani wurin ne ya kamu, kuma ke ce ma'aikaciyar jinya."

Ta karanta ya fi sau goma. Kafin wata uku ta daina ce masa Elikem, sai Kafintana, shi kuma Atswei tawa. Har sun fara maganar ranar da zai turo manya.

Sai katakon ya tsage.

Da safe ne, ta taka bakin wani rami, kawai ya rabe biyu daga kai zuwa gindi. Ta faɗa gefen kwata, wuyan hannunta na hagu ya karye.

To ga inda gizo ke saƙa. Baban Atswei, Ataa Sowah, kafinta ne, shekara talatin da wani abu yana yin ƙofofi da kujerun coci. Da Elikem ya zo gida ba da haƙuri, ya tarar da tsohon zaune da ɓarin katakon biyu a cinyarsa.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Ataa."

"Wa ya koya maka?"

"A waya na gani."

"A waya." Tsohon ya kai ɓarin kusa da fuskarsa. "Duba nan. Falle bakwai ka manna, kuma duk ka kwantar da jijiyarsu gefe guda. Ba ka gitta ko ɗaya ba. Me zai riƙe su in an taka? Yaron da ya yi wata biyu a shagona ba zai yi haka ba. Ka ɗora min 'ya a kan abin da ba ka sani ba, kuma aka ce min wai aurenta kake so. Tashi. Kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Elikem ya miƙe. Ya roƙi a ba shi ɓarin guda, ya tafi da shi.

Anti Dede, uwar Atswei, dama tana da nata ɗan takarar. Laryea, ɗan ƙawarta, yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema, ga mota mai sanyi. Tunda hannu na ɗaure, shi ya riƙa kai Atswei makaranta. Wata safiya Elikem ya hango su a cikin cunkoso, tana dariya. Da rana saƙonsa ya shigo:

"Na gan ki. Mota ba ta tsagewa. Ba zan tare miki hanya ba, Allah ya ba ki lafiya."

Atswei ta ji kamar ta jefar da wayar. Da hannu ɗaya ta rubuta:

"Dariyar da ka gani, faɗa masa nake yi yadda na mare ka. Kai wawa ne, Kafintana. Ni ban fasa ba. Babana ba ya jin baki, aiki yake ji. In kana so na, ka san inda shagonsa yake."

Kwana uku shiru. Ta ƙi cin abinci sosai, Anti Dede ta ce ciwon hannu ne.

Rana ta huɗu, Atswei na shanya kaya ta ji hayaniya a shago. Ta leƙa. Elikem ne da kawunsa, wani dattijo mai zane a kafaɗa, sun ajiye kwalba biyu na abin sha a gaban Ataa Sowah kamar yadda ake yi in za a ba da yaro koyon sana'a.

"Aure kuka zo nema ta bayan gida?" in ji tsohon.

"Koyo na zo, Masta. Ka ce ban sani ba, kuma gaskiya ka faɗa."

Ataa Sowah ya daɗe yana kallon kwalaben. A rayuwarsa bai taɓa korar wanda ya zo neman sana'a da babba a gabansa ba, kowa ya san haka, har ita Atswei da ta ba da shawarar.

"Ga tsintsiya can," ya ce. "Kuma in na ga ka yi wa 'yata magana a harabar nan, ko sannu ce, ka gama."

Wata uku Elikem bai taɓa zarto ba. Shara, ɗaukar katako, dama gam, sayo wa Masta dokunu da kifi, a dawo da shi don barkonon ya yi kaɗan. Sai bayan azahar yake buɗe nasa shagon. Atswei takan wuce shi kamar ba ta san shi ba, tana shiga ɗaki ta turo:

"Ka bar datti a ƙarƙashin benci. Zai duba."

Laryea kuwa in ya zo ɗaukarta sai ya sauke gilashi. "Mai shara, in ka gama ga tayoyina."

Ranar da aka kwance mata hannu, ta fito da jakarta ta wuce motar.

"Ina za ki?"

"Layin trotro. Na gode da ɗawainiya, Laryea, amma ka daina zuwa. Wancan mai sharar zan aura."

Anti Dede ta biyo ta har titi. "Ke, kina da hankali kuwa? Mutum da aikinsa da motarsa."

"Mama, in Baba bai yarda ba zan jira. In shekara goma ce zan jira. Amma ba zan canza ba."

Ta koma tashi tun ƙarfe huɗu da rabi don ta samu motar farko. Haka ta yi har ƙarshen zango, ba a sake kulle ta a waje ba.

A wata na huɗu Masta ya fara nuna masa yadda ake karanta jijiyar itace da yatsa. A na bakwai ya jefa masa falle-fallen katako ya ce, "Yi abin naka in gani."

Elikem ya kwantar da biyu a tsaye, ya gitta ɗaya, ya kwantar da ɗaya, ya sake gittawa, ya rufe da biyu. Ya shafa gam, ya matse, ya bar shi kwana uku bai taɓa ba.

Ranar gwaji Atswei ta ƙi zuwa ko'ina. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin da wuƙa da albasa, ba ta yanka ko ɗaya ba. Babanta ya ɗora katakon a kan bulo biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, tsakiya babu komai. Kun dai san Ataa Sowah, buhun masara biyu ba su kai shi nauyi ba. Ya hau. Katakon ya lotsa, ya dawo. Ya yi tsalle. Ya sake yi, tumbinsa na rawa, yaran shago suna danne dariya. Sai ya sauka, ya juya shi, ya bi gefen da babban yatsa a hankali.

"Nan bai sha goga ba. Zai ci mata safa."

Elikem ya ɗago. "Wa, Masta?"

"Ni zan hau in tafi makaranta? Goge shi." Ya juya zai shiga ciki, sannan ya tsaya. "Ka faɗa wa kawunka, wancan zuwan na shago ne. In yana da wata magana, ƙofar gida daban take."

Albasar ta faɗi daga hannun Atswei ta gangara har ƙafar Elikem. Ya ɗauka, ya kalli Masta.

"Miƙa mata mana. Kuma ka ce mata sannu, in ji da kunnena."

A kan sabon katakon ta ƙarasa shekararta ta ƙarshe. Mutanen Keta suka zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aure, mota guda cike, aka kira Atswei sau uku ana tambayarta ko a karɓi kayansu, sau uku tana cewa a karɓa, na ukun ma tun ba a gama tambayar ba. Anti Dede da ta fi kowa ƙi, ita ta fi kowa rawa, tana gaya wa mata wai tun farko ita ta ga yaron yana da natsuwa.

Asabar ɗin da ta wuce aka ɗaura auren. Cocin ya cika har waje, a kan kujerun da ango ya goge da hannunsa aka zauna. Atswei ta yi kyau har ba a magana. Da aka fito, Ataa Sowah ya kama hannayensu biyu ya haɗa cikin nasa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu. Abin da ba ku sani ba, Allah ya ba ku haƙurin tambaya."

Aka amsa da amin. Ya saki hannun 'yarsa, ya riƙe na Elikem.

"Litinin ƙarfe bakwai. Akwai ƙofofi shida da ke jiranmu."

"Baba," in ji Atswei, "yanzu-yanzu fa aka ba ni shi."

Tsohon ya dube ta, ya dubi surukinsa, ya ja numfashi.

"To, Talata."

Allah ya bar su tare, ya kai mu suna.