Tulun Iskar Da Ya Je Sabuwa

"Ba inda za shi!" Alhaji Lawwali, yayan mijina, ya daka min tsawa har kajin tsakar gida suka watse. "Ke dai ki tahi gidanku ki haihu lahiya. Harisu na nan, tulunshi na nan."

"Yaya Alhaji, huɗuba hwa? Wa zai yi ma abin da zan haihwa huɗuba?"

"Mu mun mutu ne? Ɗan hwari ne hwa, Zulaihatu! Ina ke ina wanga zance? Ba ki da kunya?"

Kunya! Mijina na kwance numfashinsa na fita da ƙyar, ni ina tsaye da cikin wata takwas, amma kunya ce ta dame shi. Na haɗiye maganar da ta zo bakina, don da ta fito da har Kankara ta tashi ana ba da labarina.

Mijina Harisu mai haƙar rijiya ne. Shekara shida ya yi cikin rami yana fasa dutse, daga Mabai har ƙauyukan Faskari, mutane na shan ruwa suna sa masa albarka, shi kuwa ƙurar dutsen na taruwa a huhunsa. Aurenmu bai cika shekara biyu ba ya fara tsayawa hutu tsakanin ɗaki da zaure. Likita a Zariya ya ce daga yanzu sai da taimakon iskar oksijin.

Shekarun nan ne da arzikin mai ya shigo ƙasa, kowa ya zama ɗan kwangila, kuma Alhaji na cikin waɗanda abin ya zauna wa. Shi ya je karɓo tulun iskar. Ya dawo da wani ƙato mai tsawon mutum, sai da ƙarti uku suka sauke shi daga mota. Aka kwashe mu daga gidanmu na Mabai zuwa gidansa na Kankara, aka kafa tulun a ɗakin da ke kusa da zaure. Masu zuwa dubiya kuwa, wallahi tulun suke fara gaisarwa. Su shafa shi, su ce Alhaji ya yi zumunci, sannan su tuna akwai mutum a kan gado.

Ba na cewa ba ya son ƙanensa. Yana son sa. Amma tun ranar da aka maƙala wa Harisu robar nan a hanci, duniyarsa ta koma taku huɗu, iya tsawon tiyo.

Na shiga ɗakin ina share hawaye da bakin mayafi.

"Na ji ku," Harisu ya ce a hankali. "Zo nan, hasken idona."

"Jibi su Inna za su zo ɗaukata zuwa Sabuwa. In na tahi..."

"Ki ƙarasa mana."

"Ina tsoron in dawo in tarar da ɗaki."

Ya kamo hannuna ya ɗora a ƙirjinsa, inda nake jin wani kurman sauti duk lokacin da ya ja iska.

"Zulai, ni ba mutuwar nike tsoro ba. Tsorona a haihi ɗana, muryar wani ta riga tawa shiga kunnenshi. Ba ni da gona, ba ni da shanu... wannan kaɗai nike son in bar mishi."

Ai sai kukan da nake dannewa ya ƙwace.

Washegari da hantsi Malam Salihu ya zo. Malamin asibiti ne daga Faskari, shi ke kawo cikakken tulu sau biyu a mako ya tafi da wanda ya ƙare. Alhaji ya fita wajen aiki, daga ni sai Yaya Bilki, yayar Harisu, wadda ke taya ni jinya. Na tattaro ƙarfin halina na tare shi.

"Malam, don Allah, duk tulun iska haka yake? Babu wanda mutum zai iya hita da shi?"

Ya dube ni da mamaki. "Akwai mana. Iri uku ne. Ai tun farko likita ya rubuta a haɗa masa da na fita."

"Ya rubuta?!"

"Yana nan cikin takardarsa. Alhaji ne ya ce a bar ƙananan, wai mara lafiya ina za shi, a ba shi wanda ya fi kowanne girma."

Wata huɗu! Wata huɗu Harisu bai ga masallacin Juma'a ba, bai zauna ƙofar gida ya gaisa da mutane ba, ashe takarda na nan kwance. Takaici ya ishe ni. Mutum ya zaɓa wa ɗan'uwansa abin numfashi kamar mai zaɓen ragon layya, a duba girma kawai!

Malam Salihu ya ja kujera gaban gadon. Abin da ya yi daga nan har gobe ina yi masa addu'a a kansa: bai dubi kowa ba sai Harisu.

"Malam Harisu, kai ke shaƙa, kai za ka zaɓa. Ina kake son zuwa?"

Idon Harisu ya ciko. Tun da ya kwanta ba wanda ya yi masa irin wannan tambayar.

"Sabuwa," ya ce. "Sau ɗaya tak."

"A kawo mishi ɗan ƙaramin," Yaya Bilki ta yi caraf ta ce, "wanda zai rataya da kanshi."

"Yana da daɗin ɗauka, amma awa ɗaya da rabi ne. Kafin ku wuce Mairuwa ya ƙare, a tsakiyar hanya kuwa babu inda za ku sami wani. Wannan na zuwa masallaci ne, ko zaman ƙofar gida."

"Na tsakiyar hwa?" na tambaya.

"Awa biyar, in an bar shi yadda likita ya saita, ba a murɗa ba. Nauyinsa kamar na yaron da ya isa yaye. Shi ba zai iya ɗauka ba, sai da mai riƙe masa."

Harisu ya shiga lissafi da yatsu, irin yadda yake auna zurfin rijiya. "Zuwa awa uku, dawowa uku. In aka samu biyu, goma ke nan. Saura huɗu."

"Ka ƙirga biyu kawai na zama, biyun ka bar wa hanya. Damina ce, mota na iya kafewa."

"Awa biyu ta ishe ni. Zan iya cire robar in yi magana?"

"Kaɗan-kaɗan. Sai abu ɗaya, ku riƙe shi da kyau: iskar nan ba ta shiri da wuta. Ko garwashi, ko fitila, ko taba, kada ya kusance su."

"Na tsakiya biyu, Malam," Harisu ya ce, muryarsa ta fito sarai yadda na daɗe ban ji ba. "Da ƙaramin ɗaya, in Allah ya ara min kwana in ga Juma'a."

Da wannan na tafi Sabuwa, zuciyata rabi a sanyaye.

Mako biyar bayan haka na haifi 'ya mace, ranar Litinin. Aka aika Kankara. Na zuba wa ƙofa ido Litinin, na zuba Talata. Ran Laraba sai ga wani kawunsu Harisu da ƙullin goro, wai Alhaji ya turo shi ya yi huɗuba. A bakinsa na ji sauran labarin: tulunan sun iso, amma Alhaji ya karɓe makullin mota, ya rantse ba direban da zai ɗauki Harisu.

Inna ta shigo ɗakin jego ta miƙo hannu. "Kawo ta, baƙo na zaure."

Na ƙanƙame jaririyar. "Ba zan bayar ba."

"Mi kika ce?"

"Ubanta na da rai, Inna!"

"La'ilaha illallahu! Zulaihatu, ɗiyar hwari ce hwa! Mu ko kallon namu ba mu yi gaban mutane. So kike a ce ɗiyata ba ta da ta-ido?"

"A ce! Wanda duk zai ce, ya hwara zuwa ya kwana ɗaya da hancin Harisu."

Kawu ya koma da goronsa. Inna ta yini ba ta yi min magana ba, sai dai ta ajiye min kunun kanwa da ƙarfi ta fita. Ni ma na san in Harisu bai zo ba, na bar 'yata kwana uku babu huɗuba, kuma na ɓata da gida biyu.

Alhamis da hantsi, na gama wankan safe ke nan ina kwance kan gadon ƙasa, garwashi na ci a ƙarƙashinsa kamar yadda ake yi wa kowace mai jego, sai na ji hayaniya a ƙofar gida. Na leƙa ta labule.

Harisu ne. Ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa, yana takawa ɗaya-ɗaya, ya dafa bango. A bayansa Yaya Bilki ce, ta goya tulun iska da zane, ta ɗaure da majanyi, tiyon ya zagayo ta kafaɗarta zuwa hancinsa, ɗayan tulun kuma na hannun direba. A motar kasuwa suka zo, wadda ke ɗauko 'yan hatsi, bayan Alhaji ya fita da sassafe.

Na yunƙura zan fito da gudu, sai maganar Malam Salihu ta faɗo min.

"Ku tsaya nan! Kada ku matso, akwai wuta! Inna, a kwashe garwashin nan!"

"Wutar jego?" Inna ta dafe ƙirji. "Sanyi ya shige ki ki lalace? Ba a taɓa ba!"

"To ni zan hito da ita tsakar gida."

"Kahin suna? Kin haukace?"

Ta juya don ta kore su zaure, sai idonta ya sauka kan surukinta. Ya durƙusa zai gaishe ta, amma numfashin gaisuwar ya gagara, sai kai kawai yake sunkuyarwa. Inna ta tsaya kallonsa, ita da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Ta ɗauko kasko ta kwashe garwashin da kanta, ta kai can bayan rumbu ta sheƙa masa ruwa, ta dawo ta yaye labule tana korar hayaƙi da faifai.

Rabin awa muka yi muna jiran gadon ya huce, ni a ciki, shi a waje, muna kallon juna. Cikin awa biyun nan tasa!

Ya shigo ke nan ya zauna, na ɗora masa ita a cinya, sai muka ji ƙugin mota Fijo. Alhaji Lawwali ya faɗo gidan ko cikakkiyar sallama babu, babbar riga na jan ƙasa.

"Kashe shi za ku yi?! Bilki, ke ma da hankalinki? Tashi mu tahi, Harisu!"

Na miƙe na tsaya a bakin ƙofa. "Yaya Alhaji, ka ba shi gado, ka ba shi tulu, mun gode. Amma sau ɗaya ka taɓa tambayarshi abin da yake so? Sau ɗaya?"

"Ke, ni kike..."

"Allahu Akbar... Allahu Akbar..."

Muryar Harisu ce ta katse shi. Ya zare robar, ya kai bakinsa kunnen jaririyar. Kalma huɗu ya yi numfashi ya tsaya. Ya mayar da robar ya ja, ya ja, ya sake cirewa.

"Ashhadu an la'ilaha..."

Tari ya sarƙe shi. Leɓɓansa suka canza launi. Alhaji ya ture ni ya shiga, na ɗauka fizge shi zai yi, sai na ga ya zube a gabansa.

"Bari in ƙarasa maka, ƙanena. Don Allah bari in ƙarasa."

Harisu ya girgiza kai.

Alhaji ya dube shi, ya dubi 'yar. Sai ya karɓi robar daga hannun Harisu. Harisu ya faɗi jimla, Alhaji ya kai masa robar hanci. Ya ɗaga yatsa, Alhaji ya janye. Haka suka bi kiran sallar nan har ƙarshe, suka juya kunnen hagu suka yi iƙama, hawayen Alhaji na ɗiga kan aikin rigarsa. Abin da ake yi cikin minti biyu ya ci kusan ashirin.

Da Harisu ya raɗa mata sunanta, ya jingina da bango yana haki, yana murmushi.

"Ta ji ni, Zulai?"

"Ta ji ka, masoyina. Dubi yadda ta buɗe ido."

Harisu ya koma Kankara a Fijon Alhaji, kan kujerar gaba, tulu na biyu a tsakanin ƙafafunsa. Na tsaya a bakin ɗaki ina jin ƙarar motar har ta ɓace.

Ban sake ganinsa ba. Saura kwana tara in gama wankan jego aka aiko Sabuwa cewa Allah ya yi masa rasuwa. Masu zuwa gaisuwa sun yi ta raɗe-raɗin cewa tafiyar nan ce ta rage masa kwana, kuma ni na jawo. Sai na juya musu baya, a gaban Inna da kowa, na ɗauki 'yar farin tawa na rungume, na kira ta da sunan da ubanta ya sa mata da bakinsa.