Hoton Wule

"Hinda! Innalillahi... me nake gani haka?"

Hinda ta ɗago daga tankaɗen da take yi, fuskarta cike da murmushi.

"Shanya maka shi na yi. Duba, har ya bushe!"

Can bisa zana, tsakanin yankakkiyar kuɓewa da kallabinta, ga fim ɗin Laminu a miƙe kamar hanjin akuya, rana tana dukansa. Akwatin hoton kuwa yana kan turmi, bayansa a wangale.

Laminu ya dafe kai. Ya zauna a ƙasa, cikin taɓo, bai ma lura ba.

"Mai hoto... lafiya? Ruwan jiya ne ya shigo bukka ya jiƙa shi."

"Hasken idona," ya ce a hankali, "fim ba ya ganin rana. Da ya gan ta, duk abin da ke cikinsa ya mutu."

Rariya ta suɓuce daga hannunta.

"Har... har Wule?"

"Har Wule."

Wule ita ce jar saniyar Baffanta Sambo, ita kaɗai ta tsira cikin garkensa daga babban farin da ya wuce. Bana Allah ya kawo damina mai kyau, amma rumbu wayam, gero bai nuna ba, dole Baffa ya yanke shawarar sayar da ita.

Shi kuwa Laminu ɗan cikin gari ne. Ya je cin rani Damagaram ya dawo da tsohon akwatin hoto, yana koyo da kansa, yana koya wa Hinda a bakin tabki idan ta fito tallar nono. Baffa ko sunansa ba ya son ji.

"Namijin da ke rufe ido ɗaya yana leƙen duniya ta rami, yaushe zai ga gona?" in ji shi.

Sai ana jajibirin kasuwar Mallawa ya kira yaron, ya yi maganar yana kallon gefe.

"An ce kana kama abu ka ajiye a takarda. Kama mini Wule. In na gan ta da idona, ka turo manyanka. In ban gan ta ba, kada in sake ganin sawunka a rugar nan."

Laminu ya ɗauka. Hadari ya taso, ya bar wa Hinda akwatin ya ruga gona. Jiya aka sayar da Wule ga fataken shanu masu gangarawa Nijeriya.

Yau ga fim bisa zana.

"Wayyo ni Hinda! Na kashe kaina da hannuna!"

"Daina kuka, 'yar Baffa. Laifina ne, ban taɓa gaya miki ba."

"Ai sai da na tambaya! Zuwaira ta ce haka ta ga ana yi a Kano, a zaro shi a shanya..."

Kamar an kira ta, sai ga Zuwaira ta ɓullo ta bayan zana da kwanon fura, an sha kwalli da jan baki. Duk garin ba wanda bai san idonta a kan Laminu yake ba.

"Laminu, tun ɗazu nake nemanka. Kai! Hinda, da gaske kika yi? Ni fa wasa nake!"

Hinda ta miƙe.

"Wasa? Allah ya isa tsakanina da ke!"

"To, wanda bai iya ba ai sai ya bar wa masu iyawa." Ta miƙa wa Laminu kwanon. "Sha, ka huce."

Laminu ya dube ta ba faɗa ba tsawa.

"Na gode, Zuwaira. Furar da aka dama da hawayen wani ba ta wuce mini maƙogwaro."

Ta murguɗa baki ta juya, kwanon yana tangaɗi.

Daga cikin bukka wata murya ta ce, "Ku kuma sai ku zauna kuna jiƙa mini tsakar gida, kamar ruwan sama bai isa ba!"

Dada ce, kakar Hinda, ta fito tana dogara sanda.

"Kai, mijina, ba ka da wani hanjin?"

"Akwai ɗaya, Dada, na ƙarshe. Amma saniyar ta tafi."

"Ta tafi ina? Ruwan da aka kwana ana yi, koramar kudu ta cika ta batse. Ba bafataken da zai tura shanu cikinta sai ta sauka. Suna nan bakin gaɓa suna cizon yatsa!"

Hinda da Laminu suka dubi juna.

"Amalanke!" suka faɗa tare.

"Da ni za a je," in ji Dada. "Ba na barin kishiyata ta gudu da mijina."

Laminu ya ɗaura wa jakin babansa amalanke, suka kama hanya. Gero ya kai ƙugu dama da hagu, kore shar, ƙasa tana ƙamshi. Ba su yi nisa ba gabas ta haɗe, iska ta taso, aka fara yayyafi.

"Rufe akwatin da kabido!" in ji Laminu.

Hinda ta rungume shi a ƙirji, ta ja kabidon kaba ta lulluɓe, ita kuwa ruwa yana bin bayanta.

"Ke fa, tauraruwata? Kina jiƙewa!"

"Ni in na jiƙe ana shanya ni!"

Dada ta ƙyalƙyale da dariya har sanda ta kusa faɗuwa.

Sau biyu ƙafar amalanke tana nutsewa, Laminu yana dira yana turawa. Kafin su hango korama, rigarsa ta koma launin ƙasa.

Ga shanu nan bakin ruwa, sun fi a ƙirga, jajaye da farare, ƙaho kamar daji. Fatake sun fake ƙarƙashin wani gawo. Dada ta gaisa da babbansu ta yi masa bayani, ya yi dariya ya girgiza kai.

"Iya, ruwa ya fara ja, yanzu za mu tura su. In kun iya tsamo taku cikin wannan taro, bismilla."

Laminu ya duba, ya sake dubawa.

"Hinda, duk jajayen kamarsu ɗaya!"

"A idonka."

Ta hau bisa amalanke, ta kafa tafin hannu a baki, ta ja kiran da Baffa yake yi kowace yamma.

"Wuleee... hoi! Wule, Wule, hoi!"

Shiru. Sai ƙarar ruwa.

Ta sake ja, muryarta tana karyewa.

Can tsakiyar garke wani ƙaho ya ɗaga. Aka ji kuka mai tsawo, shanu suka fara darewa, sai ga Wule tana kutsowa da gudu, taɓo yana fallatsa.

"Ga ta! Laminu, ga ta!"

Amma Wule ta ƙi tsayawa. Sai zagaye take tana neman cusa kai jikin Hinda, ga yaran fatake sun fara kaɗa na gaba cikin ruwa.

"Ni zan riƙe ta," in ji Laminu. "Ke ɗauka!"

"Ni? Ni da na kashe wancan?"

"Ke fa! Kin fi ni nutsuwar hannu, na daɗe da sani."

"A kula," in ji Dada. "Saniyar nan ban da Sambo da Hinda ba ta yarda kowa ya taɓa ta. Ta taɓa ɗaga wani dillali sama."

Laminu ya kama igiyar, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri.

Dada ta ɗaga kabido bisa kan Hinda. Hinda ta goge gilashin da busasshen gefen zanenta.

"Gari ya yi duhu, buɗe masa ido sosai!" Laminu ya ɗaga murya.

"Na buɗe!"

"Hasken ya zama a bayanki!"

"Yana baya!"

"Matse gwiwar hannu a jiki... riƙe numfashi..."

Daidai nan hadari ya tsage ta yamma, wani haske mai laushi ya zubo, jikin Wule ya ɗauki ƙyalli kamar an shafa mata man shanu. Ta juya, ta zaro harshe...

Ƙyas!

"Wayyo, kunnena!" in ji Laminu.

Hinda ta murza fim, ta sake ɗauka, tana dariya tana kuka. Sannan ta rungume wuyan Wule ta daɗe, har babban fatake ya kau da kai. Suna tsaye aka tura garke, jan ƙahon nan ya haye ya ɓace cikin itatuwa.

Laminu bai yarda ya ba kowa fim ɗin ba. Da kansa ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya kai shi wanki Damagaram. Kwanakin nan Hinda ko fura ba ta iya sha.

Ranar da ya dawo, ya durƙusa gaban Baffa ya miƙa takardar da hannu biyu. Hinda tana bayan zana, ido a rami.

Baffa ya karɓa. Ya kai kusa, ya kai nesa.

Hoton ya ɗan karkace, ƙaho ɗaya ma bai shiga duka ba. Amma Wule ce, da farin goshinta, da ɗigon ruwa a gashin ido.

Baffa ya shafa goshin da babban yatsa. Ya ja rawani ya rufe rabin fuska.

"Wannan ba rugata ba ce. Bakin korama ne."

"Haka ne, Baffa. Na farkon ya lalace, muka bi ta."

"Ni na lalata shi, Baffa!" Hinda ta faɗa daga bayan zana. "Kuma ni na ɗauki wannan!"

"Wa ya tambaye ki?"

Ya sake duban takardar.

"Wannan jiƙaƙƙen da take lasa kuma fa? Maraƙin wa ne?"

"Ni ne, Baffa," in ji Laminu, kansa a ƙasa.

"Kai ta lasa? Wule?"

"Har cikin kunne," in ji Dada. "Ina tsaye."

Baffa ya yi gyaran murya. Ya buɗe aljihun gaban rigarsa ya saka hoton a hankali, ya dafe wurin da tafin hannu.

"Ni da na raine ta, sai da ta haihu sau biyu kafin ta lashe ni. Tashi, yaro. Ka ce wa manyanka ina gida ranar Juma'a."

Dada ta rangaɗa guɗa tun kafin ya rufe baki. Bayan zana kuwa aka ji faɗuwar ƙwarya da gudun ƙafa.

Da aka yanke gero aka ɗaura aure. Baffa ya hana kowa ɗaukarsa hoto a wurin biki, ya ce shi ba saniya ba ne. Sai da jama'a suka watse ya gyara rawani, ya miƙe tsaye ƙyam, ya dubi amarya.

"To, ke. Yi maza kafin wani ya gani."