Masu Ra'ayi Uku a Kan Littafin Auta

Auta ya faɗo ofishin Sufeto ko sallama babu, ya dangwara littafi a kan teburinta har ruwan kofi ya fantsama kan takardu.

"Yaya, an gama da ni."

Littafinsa ne, labarin binciken kisa da ya yi shekaru yana rubutawa, wanda kamfanin ɗab'i bai ma fitar ba tukuna. Ga sunansa ɓaro-ɓaro a bango, takarda mai arha, tawada na bin yatsa. A tashar mota ya gan shi an baza a ƙasa tsakanin jaridu. Kafin ya gama haɗiye wannan, mai kamfanin ya kira ya ce tunda ya sayar da littafi ɗaya sau biyu, sai sun haɗu a kotu, in dai bai kawo ɓarawon ba kafin mako ya fita.

Sufeto ta san ƙaninta, ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Amma kotu ba ta san haka ba, kuma Auta malamin makaranta ne, in aka kira shi ɗan damfara ya gama koyarwa. Hankalinta ya tashi, sai dai ba ta bari ya gani ba.

Mai baza littattafan bai tsinana komai ba, wai wani mai babur ne ya kawo ya yi gaba. Dole Sufeto ta buɗe littafin, ita da ta tsani irinsa, don 'yan sandan cikin irin labaran nan ba sa rubuta rahoto, motarsu kuma ba ta taɓa ƙin tashi ba. A tsaye ta karanta shi, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, har ta kai shafin ƙarshe.

"Wa da wa ka ba ya karanta?"

"Mutum uku kacal, don in ji ra'ayinsu."

Nan ciwon Auta yake. In ka ce masa rigarsa ta yi faɗi, sai ya koma gida ya sake wata. Kowane mai karatu ya ba shi ra'ayi, sai ya gyara labarin, ya sake bugawa, sannan ya miƙa wa na gaba.

Wani mai kemis ne ya fara karantawa. Sun same shi yana jera kwalabe, bai ko juyo ba.

"Labari ya yi, Sufeto, amma gubar da ya zuba a shayin attajirin ko akuya ba za ta kashe ba. Na ce masa kunya ce. Na gaya masa wadda za ta yi aiki."

"Ka gyara?" ta tambayi Auta.

"A ranar."

Gubar da ke cikin na sata ita ce sabuwar. Wanda aka ba mai kemis yana ɗauke da tsohuwar, don haka ba nasa aka kwafa ba.

Ta biyu tela ce, maƙwabciyar Auta. Jin sunan littafin kawai ta tsayar da keke.

"Ƙaninki ba shi da tausayi! Yarinyar nan mai aikin gidan, me ta yi masa da zai kashe ta a tsakiyar labari? Sai da na jiƙa yadin mutane da hawaye. Na ce ko ya dawo da ita ko ya nemi wani tela."

Ya dawo da ita kuwa, kuma a cikin na sata tana nan da ranta har ƙarshe. Tela ma ta fita.

Saura Ƙamus, tsohon malamin Auta, wanda ya fara damƙa masa littafin labari tun yana firamare. Sunan ya bi shi ne don ba a gama magana a gabansa bai gyara ta ba. Amma ranar sai ya karɓe su da sanyin jiki.

"Ni ba ni da ta cewa, 'yata. Na karanta, na mayar masa. Wancan na tasha kuwa ko bangonsa ban gani ba."

A mota Sufeto ta riƙa buga sitiyari da yatsu. Auta ya ce bayan Ƙamus bai canja ko kalma ba, ya kai wa kamfani. Ke nan wanda aka ba Ƙamus, da na kamfani, da na Auta kansa, duk abu ɗaya ne. Da wannan ba za ta wanke kowa ba. Ganin yadda ya zabge a kujera, sai ta nemi abin da za ta lallashe shi da shi.

"Amma ka iya, Auta. Ko ni ban taɓa zargin likitan ba."

"Wane likita?"

"Wanda ya yi kisan mana."

"Yaya, direba ne ya yi kisan."

Ta taka birki har na baya ya danna mata oda. Ashe baƙin ciki bai bar Auta ya karanta na satan ba, bango kawai ya gani ya rugo. Ya fizgi littafin ya buɗe babin ƙarshe.

"Wannan ba rubutuna ba ne."

"Akwai wanda ya taɓa ce maka likita ya kamata?"

Auta ya kau da kai waje. Ba ta sake tambaya ba, ta juya motar.

Sun tarar da Ƙamus inda suka bar shi. Sufeto ta zauna, ta yi ajiyar zuciya kamar wadda ta gaji.

"Malam, na zo ne ka taya ni yi wa ɗalibinka faɗa. Tsakani da Allah ƙarshen littafin nan shirme ne. Likita? Mutumin da yake asibiti lokacin da aka yi kisan? Ko ɗan firamare ba zai rubuta haka ba."

Ƙamus ya gyara zama. Ya cire tabarau, ya mayar. Ya so ya daure, amma hali zanen dutse.

"Ba ki karanta da kyau ba! Ai an bayyana a babin ƙarshe cewa tun da safe ya zuba gubar a cikin sukari, ya tafi abinsa. Wa zai yarda da direba? Direba kowa ya gano shi tun shafi na goma!"

"A babin ƙarshen wanne, Malam? A na Auta direba ne. Kai kuma ka ce ko bangon na tasha ba ka gani ba."

Ƙamus ya sunkuyar da kai.

Ta zayyana masa dalla-dalla. Guba ta fitar da mai kemis, yarinyar ta fitar da tela. Ma'aikacin kamfani in zai yi sata, kwafa zai yi ya sayar, ba zai zauna rubuta sabon babi ba. Auta kuwa ba zai ɓata ƙarshen da ya ƙi canjawa ba. Mutum ɗaya ne aka ƙi ra'ayinsa, kuma shi kaɗai ba ya iya ganin kuskure ya wuce.

"Na mai kemis ya ɗauka," in ji Ƙamus, muryarsa na karyewa. "Na tela ya ɗauka. Ni da na koya masa riƙe alƙalami ya ce a'a. So na yi mutane su karanta su yi mana hukunci."

"Da sunana a kai, Malam," in ji Auta. "Ni za a ɗaure."

Tsohon ya cire tabarau. Sufeto ta kira mai kamfanin, ta miƙa wa ƙaninta wayar, don daga bakinsa ya kamata a ji. Tausayinsu duka biyu ya kama ta, har ta kasa duban kowa.

"An gano shi, ranka ya daɗe," in ji Auta. Aka tambaye shi wane ne. Ya dubi tsohon da ke zaune riƙe da tabarau a hannu.

"Malamina ne."