Mayafin Hajiya Falmata

Ranar kasuwar Ɗanbatta ce, sanyi ya fara shigowa. Aina'u na zaune a gefen rumfar ƙanwar babanta, ta baza hulunan jarirai da safa a kan tabarma, kwarashinta na ta kai da kawo. Wata akuya ta tsallaka tabarmar, ƙullin ulun ya fita daga cinyarta ya gangara ƙarƙashin buhunan gyaɗa.

Wani dogon saurayi ne ya durƙusa ya zaro shi, ya dinga naɗewa yana bin zaren har gabanta.

"Malama, na biyo zare ya kawo ni nan. Kayanki ne?"

Ta rufe baki da gyale. "Nawa ne. Na gode."

Sunansa Abdulrashid. Iyayensa mutanen Barno ne da suka daɗe a unguwar Rijiyar Zaki a Kano, shi kuma yana zuwa ƙauye sarin gyaɗa. Ya sayi safa ya ce ta ɗan yayarsa ce, ya dawo ya sayi hula, ya sake dawowa bai sayi komai ba sai lambarta ya nema.

Kafin ta isa gida saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum. Mai naɗe zare ne. Na manta ban tambaya ba, ana saƙa ta manya? Ina jin sanyi."

Kafin wata ya mutu ya san hanyar garinsu ta tsakanin gonakin gero, ya san dakalin ƙofar gidan babanta Malam Sama'ilu. Bayan la'asar yake zuwa. Yana kiranta Ainu, ita tana ce masa Ɗan Birni. Shi ya ba da shawarar ya riƙa kai mata kaya shagon yayarsa, inda ɗaliban jami'a ke rububin hula da mayafin wuya.

Malam Sama'ilu bai so ba.

"Ramlat," ya ce wa Innarta, "yaron nan ba mu san gidansu ba. Wanda ke wuni cikin 'yan matan jami'a, me zai yi da 'yar ƙauye?"

Aina'u na ɗaka tana ji. Maganar ta zauna mata a ƙirji, amma ta ci gaba da saƙa. Abu biyu ta sa a gaba: rigar sanyi ruwan toka ta Abdulrashid, da babban mayafi ruwan zuma na mahaifiyarsa, Hajiya Falmata. Mayafin ya cinye mata makonni. Ta yi masa bakin furanni ƙanana, irin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, har yatsanta ya yi kanta.

"Hannu da hannu za ka ba ta," ta ce.

"Da kaina, Ainu."

Ranar Juma'a da hantsi tana tankaɗe, ta buɗe waya don ganin hotunan da shagon ya ɗora. Sai ga wata fara mai gilashi, ta karkatar da kai tana murmushi, mayafin ruwan zuma a kafaɗarta. A ƙasa an rubuta: "Khaulat cikin kyautar Yaya Rashid."

Rariyar ta suɓuce mata. Ta ƙara girman hoton har furannin suka cika fuskar wayar. Nata ne. Ga ma wurin da ta ɗan yi kuskure ta gyara.

Ta rubuta: "Ashe Hajiya ta koma jami'a. Allah ya ba da sa'a."

Ya kira, ta ƙi ɗagawa. Ya rubuto:

"Ainu, don Allah ki saurare ni. Ita ke yi wa shago hotunan talla. Ta gani a jakata ta ce a ara mata na hoto ɗaya, ta tafi da shi hostel. Na tambaya ta ce ta riƙe. Kunya ta hana ni matsa mata. Laifina ne."

"Ita ka ji kunyarta. Ni fa?"

Ta kashe wayar, ta jawo rigar sanyinsa wadda hannu ɗaya ya rage a gama, ta kama bakin zaren ta ja. Layi bayan layi rigar na warwarewa, ulun na taruwa a ƙafarta duk ya nannaɗe. Tana ja tana ganin gilashin nan, tana jin yadda bakin yarinyar zai furta "Yaya Rashid". Tun yaushe? Sau nawa ta shiga motarsa? Ita ma yana ce mata yana jin sanyi?

Inna ta ɗaga labule ta tsaya.

"Aina'u, rigar ce ta yi miki laifi?"

"Inna, ba na son ganinta."

Da Malam ya ji, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ki faɗa masa ya daina zuwa." Da Abdulrashid ya zo washegari, a dakali Malam ya sallame shi. Aina'u na leƙensa ta kafar zana, ta ga ya daɗe zaune a mota bai tayar ba. Tausayi ya taso mata, sai ta tuna wataƙila daga nan shago zai nufa, ta saki zanar.

Ta daina zuwa kasuwa. Ta daina saƙa. Amma kullum sai ta kunna waya ta duba ko Khaulat ta ɗora sabon hoto, ta kalla har ranta ya ɓaci, ta kashe.

Wata ranar Asabar da safe mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata dattijuwa doguwa cikin lafaya ta yi sallama, ƙamshinta ya riga ta shiga tsakar gida. A kafaɗarta mayafin ruwan zuma ne.

"Ni ce Falmata, uwar wannan sakaran," ta ce bayan an gaisa. "Ina mai hannun nan?"

Aina'u ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Sai jiya ya iya buɗe baki ya gaya mini. Da ƙafata na je wurin yarinyar na karɓo abina. Na ce mata, 'yata, surukata ce ta saƙa, ba a aro. Yarinyar na sonsa, ba zan ɓoye miki ba. Shi kuwa tun ranar ko tuwo ba ya gamawa."

Aina'u ta ɗago ta kalli mayafin. "Hajiya, ki ba ni in sake miki wani. Wannan wata ta yafa."

Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu. "Kai, Ramlat, 'yarki akwai kishi! Zo ki shinshina. Na wanke shi, na turara shi da turarenmu na gida. Ko ita ta gani ba za ta gane shi ba."

Daga nan ta nemi ganin Malam. A zaure ta faɗa masa sunan mijinta, da unguwarsu, da limamin masallacinsu, ta ce ya aika a bincika. Malam ya aika ƙaninsa. Da ya dawo da labari, Malam ya ce, "Gidan da uwa ke tako ƙafa saboda 'yar wani, ba zan hana su ba."

Da aka ba shi izinin dawowa, Abdulrashid ya zauna a dakali kamar mai jiran hukunci.

"Ainu, kin yafe?"

"Ta iya saƙa?"

"Wa? Wallahi ko allura ban taɓa ganin ta riƙe ba."

"Ashe kana kallon hannunta."

Ya dafe kai. Ta juya fuska don kada ya ga murmushin, sannan ta ajiye masa tulin ulu ruwan toka a cinya. "Rigarka ce. Naɗe."

Bayan kaka mai zuwa aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Sama'ilu, jama'a har bakin gona. Malam ya riƙe hannun ango ya ce, "Amana na ba ka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Da yamma aka sa amarya a mota, lulluɓe, tana kuka, Hajiya Falmata a gefenta. Ango ya wuce ta gaban motar cikin farar shadda, sai wata murya daga kujerar baya ta ce, "Masha Allah, angon nan ya yi kyau!"

Kukan ya tsaya cak. Daga cikin lulluɓi Aina'u ta ce, "Wace ce ta faɗa?"

Motar ta kaure da dariya.

"Kakarsa ce, 'yar nan," in ji Hajiya tana share hawayen dariya. "Direba, ja mu tafi. Allah ya zaunar da su lafiya."

Matan suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa, motar ta hau hanyar Kano.