Hausar Zango

Buhun albasa ne ya fashe a bakin titin Shagari ranar kasuwa, daidai lokacin da Zayyanu ya ɗaga shi zai miƙa wa na saman mota. Albasa ta watse, wata ta shige ƙarƙashin babura, wata ta nufi kwata. Guda ɗaya, ja mai girman dunƙulen hannu, ta mirgina har ta tsaya a jikin takalmin wata yarinya mai shuɗin hijabi.

Yarinyar ta duƙa ta ɗauka.

"Wagga ta hi ka hanzari," in ji ta.

Zayyanu ya share gumi da hula. "Riƙe ta. Ita ta zaɓi inda za ta."

"Ni ba a ba ni kyautar abin da ka sa kuka."

Ta ajiye masa a tafin hannu ta wuce. Kafin a gama lodin motar nan ya san sunanta Kausar, ɗiyar Malam Mainasara mai makarantar allo, kuma ɗinki take yi a gida.

Shi Zayyanu ɗan Bodinga ne. Ya bar makaranta a aji uku na sakandare saboda zaman benci yana sa masa ƙaiƙayi. Ya yi kabu-kabu, ya yi ban ruwa a fadamar Danchadi, ya sayar da cajar waya, sannan ya zama yaron Alhaji Ɗanjuma mai fataucin albasa. Amma tun daga ranar kasuwar nan, hanya ɗaya ƙafarsa ta sani, daga Bodinga zuwa Shagari bayan la'asar.

Yana kiranta Sanyina. Ita kuma ta ƙi kiran sunansa, sai Mai Albasa.

Da magana ta yi ƙarfi, baffansa ya je gaishe da Malam Mainasara. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaron ga ba ni da shaidar banza a kai nai. Amma ba ya zama wuri guda. Yau shina nan, gobe shina can. Aure kuwa zama na."

Kamar da gangan, a satin nan Alhaji Ɗanjuma ya kira Zayyanu. Wakilinsa na Kumasi, can ƙasar Gana, ya kwanta rashin lafiya, ana bukatar wanda zai riƙa karɓar motoci yana sayarwa kafin ya warke. Zayyanu ya amsa zai je.

Da labari ya kai wa Malam, sai ya girgiza kai. "Mutanenmu nawa sunka tahi Gana sunka ce bayan Salla suna dawowa? Ban ce a'a ba, ban ce awo ba. Shi dawo tukuna."

Ranar sallama Kausar ba ta yi kuka ba. Ta ba shi riga da ta ɗinka masa, ta ce, "Kada ka wanke ta da sabulun da ba ka sani ba."

"Sanyina, kwana nawa na duka? Kahin ki gama ɗinkin Salla na iso."

Ta gama ɗinkin Salla, ta shiga na babbar Salla, Zayyanu yana Kumasi.

Garin ya ba shi wahala da farko. Ruwan sama ba ya neman izini, safe da rana zuba yake. Ko'ina tudu da gangare, ko'ina kore, ba inda mutum zai tsaya ya hango ƙarshen ƙasa kamar a hanyar Sifawa. Albasa da takan yi watanni a rumbu a gida, a nan in ta kwana biyu a jiƙe sai ta fara tsiro, dole a sayar da gaggawa. Matan kasuwa su ne masu ciniki, kuma ba sa wasa. Abinci ma sai da ya koya. Ranar da ya fara cin dokunu, wani curin tuwon masara mai tsami, da kifi da barkono, ya zauna yana kallon bango yana tuna furar innarsa, mai kauri, da nonon da Fulani ke kawowa da hantsi.

Ya rubuta mata:

"Sanyina, yau na yi marmarin zafin Sakkwato. Ki yarda da ni, har zafin. Nan riga ba ta bushewa. Na ga jaki ɗaya a hanya na kusa gaishe shi."

Ta amsa:

"Da ka gaishe shi, wataƙila ɗan Bodinga ne. Mai Albasa, an fara yanke gero. Jiya na ji babur ya tsaya ƙofar gida da la'asar, na tashi na gyara hijabi, sai na tuna."

A unguwar Aboabo ya sami ɗaki, gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Mma Adiza. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun watse, tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Ita ta nuna masa motar da zai shiga zuwa kasuwa, ta koya masa gaisuwar Asante, mutanen garin, ta hana shi shan ruwan rijiyar bayan gida. Da zazzaɓi ya kayar da shi, ita ta zauna a kansa.

Abin da ya fi ba shi dariya shi ne Hausar mutanen zango, wato unguwannin Hausawan can. A bakinsu babu mace babu namiji, kowa shi ne. "Matana ya haihu." "Mma ya tafi kasuwa." Zayyanu, wanda ya fito daga inda ko tukunya sai an ba ta jinsinta, ya fara kwaikwayonsu don tsokana. Tsokana ta zama sabo. Duk gidan da unguwar "shi" suke ce wa Mma, shi ma bakinsa ya bi, har yatsunsa suka bi ba tare da ya lura ba.

"Mai masaukina ya dafa mini tuwo yau, wai don in daina ramewa."

"Mai masaukina ya ce in gaishe ki, na nuna masa hotonki."

Kausar takan amsa, "Allah Ya saka masa. Namiji da iya tuwo, lallai Gana daban ce."

Zayyanu ya karanta wannan a tsakiyar sauke kaya, ya yi murmushi, ya ce zai yi mata bayani in ya natsu. Mota ta biyu ta iso, ya manta.

A Shagari kuwa akwai Haliru, malamin firamare a Dandin Mahe, tsohon ɗalibin Malam Mainasara. Natsattse ne, yana da albashi da gona, kuma ya daɗe yana son Kausar. Malam bai ɓoye cewa hankalinsa ya fi kwanciya da shi ba, amma bai matsa mata ba. Haliru yana da ɗan'uwa direban babbar mota mai zuwa Kumasi, kuma daga bakinsa ya ji abin da ya kawo mata wata la'asar.

"Ban zo ɓata kowa ba, Kausar. Abin da anka hwaɗa mini na. Gidan mace shike zaune, macen da ba ta da miji. Ita ka dahwa mai, ita ka wanke mai kaya."

Kausar ta shiga ɗaki ta buɗe waya, ta bi saƙonnin watanni. Ya dafa. Ya ce. Na nuna masa. Ko sau ɗaya babu "ta". Ta kira Zayyanu.

"Mai masaukinka, namiji na ko mace ta?"

Zayyanu yana cikin hayaniyar kasuwa, ya ce, "Mace mana. Mi ya hwaru?"

"Ba ta da miji?"

"Ya rasu. Sanyina, tsaya in..."

"Da ka ce mini mace ta tun hwarko, da ban ce komi ba. Ɓoyewar ta ta yi mini ciwo, Zayyanu."

Wannan ne karo na farko da ta kira sunansa. Ta kashe wayar, ta miƙa wa mahaifiyarta ta ce a ajiye mata a akwati.

Ya kira har ya gaji. Ya tura hoton Mma, saƙo bai shiga ba. Ya aika baffansa, Malam ya ce yarinya ta ce a ƙyale ta, kuma shi ba zai tilasta mata sauraron kowa ba. Daga baya ya ji cewa Haliru ya fara zama a kan tabarmar ƙofar gida.

Ana cikin haka Alhaji Ɗanjuma ya bugo. Tsohon wakili ba zai koma aiki ba. In Zayyanu yana so, wurin ya zama nasa dindindin, da shago da ɗaki. Zayyanu ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani, amma a ransa ya riga ya fara cewa to. Me zai koma ya yi a Bodinga, ya riƙa ganin babur ɗin wani a hanyar Shagari?

Mma Adiza ta lura kokon safe yana dawowa ba a taɓa ba. Ta tsare shi a tsakar gida har ya faɗa mata komai. Ta yi dariya har da tari, sannan ta daina.

"Ba ni lambar babanshi."

"Mma, Malam babban mutum ne, ba a..."

"Ni ma babban mutum ne. Kawo."

Malam Mainasara yana zaure bayan la'asar kira ya shigo, irin mai hoto. Ya danna, sai ga fuskar tsohuwa da ɗankwali ya zame, furfura a waje.

"Salamu alaikum. Kai ne baban Kausar? Diyanka ya sa yarona ba ya cin abinci."

Malam ya gyara zama. "Baiwar Allah, ɗana wane? Ɗiyana maza ba su san ki ba."

"Kausar mana. Shi ne ya yi fushi. Kira shi."

Malam ya dubi wayar, ya dubi ƙofa, ya sa aka kira Kausar. Ta zo ta durƙusa a gefe.

"Kai ne amarya?" in ji Mma. "Kai kyakkyawa ne. To dube ni da kyau. Ni ne macen da aka ce. Hakorina hudu ya rage. Mu a nan haka muke magana, uwana ma shi ne, kishiyana ma da ya mutu shi ne. Yaron nan bakinshi ne ya lalace, ba zuciyanshi ba."

Kausar ta rufe fuska da hijabi. Kafaɗunta suna rawa, Malam bai san ko dariya take ko kuka ba. Shi kansa sai da ya kawar da kai yana gyaran murya.

Mma ba ta gama ba. "Malam, saura kai. An ce ka ce masu zuwa Gana ba su komawa. Gaskiya ne. Babana daga kasan Sakkwato ya zo da fataucin goro. Kullum yana cewa badi zai koma, har muka binne shi a nan. Ka san abin da ya hana shi? Babu wanda ya aiko ya ce ana jiranshi. Yaron nan an ba shi shago. In ku ba ku kira shi ba, mu za mu rike shi, kuma wallahi muna so."

Malam ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Yaron shina kusa?"

Fuskar Zayyanu ta bayyana, ya rame, yana sanye da rigar da aka ɗinka a Shagari, duk ta koɗe.

"Allah shi gahwarta Malam."

"Zayyanu, ni ban iya kiran mutum ba sai mai abu ta yarda." Ya juya. "Ke, mi kika cewa?"

Kausar ba ta ɗago ba. "Baba, a ce mai shi taho."

"Ka ji. Ka miƙa amanar mutane hannun da ya dace, kada ka baro musu dukiya a titi. Sannan ka taho."

Da magariba Kausar ta karɓi wayarta daga akwati. Saƙo ɗaya ta tura:

"Mai Albasa, ka yafe mini. Amma ka gyara bakinka tun a hanya. In ka ce mini 'kai' a gaban ƙawayena, da kaina zan mayar da kai mota."

Ya amsa:

"Ke ce, Sanyina. Ke kaɗai ce. Na faɗa wa Alhaji ya nemi wani."

Haliru kuwa, Kausar ta same shi da kanta a ƙofar gida ta ba shi haƙuri. Ya ce bai yi ƙarya ba, ta ce ta sani. Ya naɗe tabarmar da hannunsa ya jingine ta a bango, kuma ranar ɗaurin aure yana sahun gaba.

Zayyanu ya dawo a gaban motar da ta kai albasa ta ɗauko goro. Tun daga inda itatuwa suka fara gajarta, ƙasa ta buɗe ta yi ja, ya kasa zama daidai. Da suka wuce gonakin da aka yanke dawa, iska mai zafi ta bugi fuskarsa, ya leƙa da kai waje kamar yaro, direba yana yi masa tsiya.

An ɗaura aure a ƙofar gidan Malam bayan an kwashe amfanin gona, da goron da ango ya zo da shi. Alhaji Ɗanjuma ya bar shi a kan lodi a gida, sai dai wani lokaci ya raka mota ya dawo. Wannan ma Zayyanu bai ɓoye wa Malam ba.

Da za a ɗauki amarya zuwa Bodinga, Malam ya kira su biyun cikin zaure. Ya yi wa ɗiyarsa nasiha a taƙaice, sannan ya kama hannun Zayyanu ya riƙe.

"Ban hana ka tahiya ba, ɗana. Allah shi kai ka inda abincinka yake, shi maido ka inda iyalinka suke."

Zayyanu ya buɗe baki zai ce amin, sai aka riga shi. Kausar ce ta faɗa a madadinsa daga cikin mayafi. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.